Gyaran tsofaffin gine-gine da injina a Sabon Birni da Isa

Gyaran tsofaffin gine-gine da injina a Sabon Birni da Isa shi ne aikin da magina, kanikawa, masu walda da maƙera na gabashin Jihar Sakkwato suke yi don tsawaita ran soraye, rumbuna, masallatan ƙasa, motocin noma da tsofaffin motocin haya da na kaya. A Turai da Amurka irin wannan aiki ya fi zama na sha'awa, inda mutum zai sayi tsohuwar mota ko tarakta ya mayar da ita kamar ranar da ta fito daga kamfani, ya kai ta baje koli. A ƙasar Gobir ba haka abin yake ba. Ana gyara soro don a kwana a ciki, ana ta da tarakta don ta yi haro kafin shuka ta wuce. Saboda haka tsohon abu a wannan yanki yana daɗewa ne muddin akwai mai duba shi kowace shekara, kuma wannan sharaɗi ne rashin tsaro na shekarun nan ya fi taɓawa.

Wuri da tarihi

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar. A ƙidayar shekarar 2006 Sabon Birni na da mutum 207,599, Isa kuma 146,103. Kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi suna haɗuwa a wannan shiyya su zama kogin Rima, don haka ƙasar kashi biyu ce: jigawa mai rairayi inda ake noma gero da wake, da fadama mai laka inda ake noma shinkafa, albasa da sauran kayan rani. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan Agusta ya fi kowane ƙarfi.

A nan ne kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir da aka kafa a ƙarni na 18 zamanin Sarki Babari, wanda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa. Birnin ya faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a rabi na biyu na ƙarni na 19 wani ɗan sarauta, Ɗan Halima, ya rabu da masu mulkin Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa tana cikin garuruwan ribaɗi da Daular Sakkwato ta tsare iyakarta da su. Lokacin da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni ta faɗa ɓangaren Ingila, amma zumunta da kasuwanci da sana'a ba su yanke ba.

Alƙalawa ita ce misali mafi girma na abin da ke samun ginin ƙasa idan masu shi suka watse. Birni ne mai ganuwa da fada da unguwanni, amma da aka daina yaɓe, ruwan sama ya mayar da mafi yawansa tuddai.

Ginin ƙasa da kayan aikinsa

Ginin gargajiya na Hausa ana yin sa da tubali, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Ana haƙo ƙasar daga kududdufi, a zuba mata ruwa da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake kwaɓawa. Magini yana jera tubalin a tsaye, tsinin yana sama, ya cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana farawa da kauri a ƙasa, yana raguwa yayin da yake hawa. A ƙauyuka da yawa yanzu bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake bugawa a akwati ya maye gurbin tubali, domin ya fi saurin jerawa, ko da yake bangonsa ya fi siranta.

Rufin soro da azara ake yin sa. Azara tsagin itacen giginya ne, kuma an zaɓe ta ne domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Matsalarta ita ce ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita biyu. Daga wannan iyaka ne mafi yawan fasahar maginan Hausa ta fito: ana ratsa azara a kusurwoyin ɗaki don rage faɗin da za a rufe, ko a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko a ɗaure azara hawa-hawa a lulluɓe ta da ƙasa ta zama baka, kamar bakan gizo da ɗaurin guga da ake gani a zaurukan sarakuna. A kan azara ake shimfiɗa zana ko ƙirare, a zuba ƙasa, a daɓe, a bar gangara zuwa indararo.

Kayan hana ruwa su ne sirrin aikin. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta, ana jiƙawa a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwan. Katsi kuwa guggubin da ke kwantawa ne a gindin karofin rini, ana ƙona shi a daka. Idan aka haɗa katsi da gashin jima da ruwan dafara sai a sami laso, wanda ake shafe rufi da rawanin soro da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya dogara da wata sana'a ko wani itace. Inda marina ta mutu babu katsi, inda aka sare ɗorawa babu makuba, inda giginya ta ƙare sai a sayo azara daga nesa da tsada. Wannan ne ya sa gyaran tsohon soro a yau yakan fi wuya a wajen samo kaya fiye da a wajen aikin hannu.

Yadda gini yake lalacewa da yadda ake gyaransa

Magina suna duba wurare biyu kafin komai: kan gini da gindinsa. A sama, zafin rani yana tsattsaga daɓen rufi, ruwan farko ya bi tsagar ya jiƙa ƙasar da ke kan azara. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi sosai, don haka azarar da ta yi shekaru tana ɗauke da rufi tana iya lanƙwasa a dare ɗaya. Indararon da ya toshe ko ya karye ya fi komai haɗari, domin yana tara ruwa a kan soro ko ya zubo shi a jikin bango. A ƙasa kuma, ruwan da ke fantsama daga indararo da danshin da ke hawowa daga ƙasa suna cinye gindin bango sannu a hankali, har ya zama sama ya fi ƙasa kauri. Bangon da ya kai wannan hali yakan faɗi gaba ɗaya ba tare da ya yi wata alama a sama ba, shi ya sa ake yawan jin rushewar ɗakuna a watan Agusta bayan ruwa ya kwana yana zuba.

Gyaran yau da kullum shi ne yaɓe. Ana yin sa da rani bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hannu ya sami sarari kuma ƙasa za ta bushe da kyau. Ana kankare abin da ya saki, a yayyafa wa bangon ruwa, a mammanna sabuwar ƙasa da hannu. Idan ramin gindin bango ya yi zurfi, ba a cike shi a rana ɗaya. Ana cikewa kaɗan-kaɗan, a bar kowane sashe ya bushe, domin ɗanyar ƙasa mai yawa tana tsukewa ta rabu da tsohuwar. Dakalin da ake yi a ƙofar gida, wanda mutane suka fi sani da wurin zaman hira, yana cikin abubuwan da ke kare gindin bango daga ruwa. Da bazara kuma, kafin hadari ya fara haɗuwa, maigida ko yaransa sukan hau soro su toshe tsaga, su share indararo. Aiki ne na wuni ɗaya, amma shi ne yake raba soron da zai shekara hamsin da wanda zai shekara biyar.

Babban gyara shi ne sauya azara. Ana kwashe ƙasar rufin daga sama, a cire ruɓaɓɓun azarori, a mayar da masu kyau tare da sababbi. Tsohuwar azara mai lafiya ba a yar da ita. Tana da kasuwa, kuma sau da yawa azarar da ke cikin sabon ɗaki ta girmi mai ɗakin. Ita ma ƙasar tsohon bango ana farfasa ta a sake kwaɓawa. Masallacin unguwa da zauren mai gari a al'ada da gayya ake gyara su, matasa suna kwaɓa da miƙo ƙasa, magini yana sama.

Shigowar siminti da kwano ta sauya wannan tsari. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, ya kusanto da siminti ga garuruwan lardin. Rufin kwano ya raba mutane da fargabar rufin ƙasa da damina, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ɗakin kwano yana zafi da rana, yana sanyi da hunturu, saɓanin soro. Filastar siminti a kan bangon ƙasa ita ce ta fi jawo matsala. Siminti ba ya barin danshi ya fita, kuma ba ya motsi tare da ƙasa idan zafi da sanyi suka sauya. Bayan 'yan shekaru sai ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ƙasar ta narke a ɓoye yayin da fuskar bangon take nan sumul. Mai gida ba ya ganin ɓarnar sai ranar da filastar ta ɓalle falle guda. Masu buga ƙusoshi ko wayar kaji a bango kafin filasta suna jinkirta wannan ne kawai. Masana adana ginin ƙasa, irin na cibiyar CRAterre da aka kafa a Faransa a 1979, sun daɗe suna gargaɗi a kan haka, kuma tsofaffin magina sun san shi tun kafin a rubuta.

Rumbu da rufewa

A ƙauyen Gobir ginin da aka fi kula da shi ba lallai ne ya zama ɗakin kwana ba. Rumbu da zana ko kara ake yin sa, rufewa kuma da laka, mai siffar tulu, ana ɗora ta a kan duwatsu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, danshi da gara da ɓeraye su rasa hanya. Bangonta siriri ne ƙwarai, ana gina shi zagaye-zagaye, kowane zagaye sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba, don haka ba kowane magini ne ya iya ta ba. Ana kifa mata hular ciyawa da ake sabuntawa idan ta ruɓe. Damman gero suna iya shekara fiye da ɗaya a cikin rufewa mai kyau. Buhu da shago sun rage mata daraja a gari, amma a ƙauye har yanzu yawan rumbunan gida shi ne ma'aunin ƙarfinsa.

Misalai daga maƙwabta

Sanannun ayyukan gyara da aka rubuta labarinsu sun fi yawa a hayin iyaka. A ƙauyen Yama na Jihar Tawa, magini Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya ci gaba da ƙara masa baka da hasumiyoyi a shekarun baya, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, ita ma a Jihar Tawa, mutanen gari sun so sabon masallaci mafi girma. Maimakon a rushe tsohon na ƙasa, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara shi tare da maginan wurin aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallacin a gefensa. An kammala a 2018. Darasin Dandaji shi ne ginin da aka ba sabon aiki yana samun mai share shi da mai yaɓe shi. A Nijar ɗin kuma tun shekarun 1980 ake koya wa magina yin rufin ƙubba da bulon ƙasa zalla ba tare da itace ba, saboda ƙarancin azara.

A Najeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da alhakin wuraren da aka ayyana, irin su kufan Surame a Jihar Sakkwato da Gidan Makama a Kano. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ya samo asali daga aikin Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan da ya auna gine-ginen Najeriya masu yawa. Amma zauren mai gari da masallacin ƙauye da rufewar manomi ba sa cikin irin wannan rajista. Nauyinsu yana kan masu su.

Tarakta

An fara gwada noman inji a fadamun lardin Sakkwato a farkon shekarun 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta kawo manyan injina don noman shinkafa. Yaɗuwar tarakta ta zo ne da kuɗin man fetur: shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, shirin juyin noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980, hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, da shirye-shiryen raya noma da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda na Gusau yana cikin na farko a tsakiyar shekarun 1970. A wannan zamani aka buɗe kamfanin haɗa Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano. Gwamnatoci suka kafa sassan bayar da hayar tarakta. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, kayan gyara suka yi tsada, injina da yawa suka tsaya a harabar ma'aikatu da sakatariyoyi, wasu aka yi gwanjonsu. Daga irin waɗannan, da kuma na hannu da ake shigowa da su daga waje, 'yan kasuwa da manyan manoma suka sami taraktocin da kanikawa suke rayawa har yau.

Massey Ferguson ce aka fi sani. Samfurin 135 da 165 an ƙera su daga 1964 zuwa 1975, samfurin 375 kuma ya fito a tsakiyar shekarun 1980, kuma kamfanin Millat na Pakistan ya ci gaba da ƙera irinsa. Wannan ya sa kayan gyaransa ba su yanke ba. Injin Perkins da ke cikinsu ba shi da kwamfuta. Bakanike mai sifana da kunne mai kyau yana iya gano ciwonsa. Sababbin taraktoci masu na'ura sun fi ƙarfi da tsimin mai, amma idan suka tsaya a ƙauye sai an jira mai na'urar dubawa daga birni, damina kuwa ba ta jira.

Ta da taraktar da ta daɗe a ajiye yana farawa da inji. Ana sauke shi, a sauya fistin da ringi da gaskit, a kai ƙarfen da ke juya fistin wurin masu injin gogewa a babban gari. Famfon da ke harba man gas da nozul-nozul ɗinsa su ne suka fi laushi, kuma su ne man da aka gauraya da kananzir ko ruwa yake fara kashewa. Gyaransu sana'a ce ta daban. Sai lagireto, wanda ƙura da ƙaiƙayi suke toshewa, da matatar iska, wadda ƙurar hunturu take cikawa. Sai famfon haidirolik da ke ɗaga garma ta hannuwa uku na baya, tsarin da Harry Ferguson ya ƙirƙira wanda kusan kowace tarakta a duniya take amfani da shi yanzu. Tayoyin baya su kaɗai suna iya cin kuɗin da ya kusa na gyaran inji, shi ya sa ake ganin taya mai faci da ɗinki. Fenti shi ne na ƙarshe, idan an yi shi ma.

Kaya suna zuwa daga Sakkwato da Gusau, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, wasu kuma ta Maraɗi. Abin da ba a samu ba sai a ƙera: mai walda ya cike haƙorin da ya cinye, maƙeri ya buga ƙusar da ta karye. Hanya mafi yawa ita ce a yanka wata matacciya a raya wata, har a sami tarakta mai inji daga nan, giya daga can. Mai tara kayan tarihi a Ingila zai ce an ɓata asalinta. Mai ita a Isa lissafinsa hekta nawa za ta yi haro a makonnin farkon damina, da tirela nawa ta yashi da taki da buhuna za ta ja sauran shekara. Abokan hamayyar bakanike su ne 'yan gwangwan, masu sayen ƙarfe a kilo. Duk injin da ya daɗe a tsaye, kuɗin ƙarfensa yakan fi jan hankalin magada fiye da wahalar gyaransa, kuma wanda aka sare ba ya dawowa.

Motoci

Bayan da layin dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, manyan motoci sun riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu daga wannan shiyya zuwa tasha. Bedford, wadda ake kira bilhodi, da Mercedes 911 mai gajeren hanci, wadda ake kira roka, su suka riƙe hanyoyin kasuwannin ƙauye shekaru da yawa, da bodin katako da kafintoci suke sabuntawa a kan tsohon ƙarfe. A ƙananan motoci kuwa Fijo ce sarauniya. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da samfurin 504 har wajen 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Tsayin ƙafarta da sauƙin injinta sun dace da hanyar burji da rairayi. Akori-kura ta 404 da 504 ta yi jigilar mutane da awaki da buhuna zuwa kasuwanni irin ta Shinkafi ta ranar Alhamis. Daga baya motocin hannu na Kwatano, musamman Golf da Toyota, suka karɓe haya.

Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar motar da ta shekara 30 a matsayin ta tarihi idan an adana ta kuma ba da ita ake zirga-zirgar kullum ba. A ma'aunin shekaru, motoci da yawa da ke tashoshin gabashin Sakkwato sun cika sharaɗin farko. Na biyun ne ba su cika ba, domin kullum suna kan hanya. Motar da ake ajiyewa don tarihi a Najeriya ba ta da yawa, kuma wadda aka fi sani ita ce Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ke gidan tarihi na Legas. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da faɗuwar naira bayan Yunin 2023 duk sun sa sayen wata motar ya yi wuya, sai gyaran tsohuwa ya ƙara daraja.

Kalmomin sana'a

Kalmomin gini galibinsu tsofaffi ne a harshen, ko da yake masana suna danganta tubali da kalmar Larabci ɗub mai ma'anar bulo. Kwano kuwa tsohuwar kalma ce da aka faɗaɗa ma'anarta daga mazubin abinci zuwa rufi. Kalmomin inji aro ne daga Turanci da aka daidaita da tsarin gaɓar Hausa ta hanyar saka wasali tsakanin baƙaƙe, kamar birki, kuloci da fulogi. Kalmar bakanike tana da labari mai ban sha'awa: an aro ta a matsayin makaniki, sai masu magana suka ɗauki gaɓar farko tamkar ɗafa-goshin Hausa, suka cire ta, aka sami bakanike, kanikawa da kanikanci. Wasu sunayen kuma ƙirar gida ce, irin su akori-kura, karen mota, da tantan, sunan tarakta da ya yi kama da ƙarar injinta. A hayin Nijar aron daga Faransanci yake, shi ya sa ake jin kamyo a inda ɗan Najeriya zai ce babbar mota. Gobiranci yana cikin karin harshen yamma, inda ake cewa ruhewa maimakon rufewa, tahi maimakon tafi, da motag gari maimakon motar gari.

Rashin tsaro

Daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga daga dazukan Zamfara suka tsananta a Isa da Sabon Birni. A ƙarshen Mayun 2020 an kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, a Disamban shekarar kuma aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun ƙetara zuwa Jihar Maraɗi, inda Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka, wasu kuma suka koma hedikwatocin ƙananan hukumomi da birnin Sakkwato.

Asarar rayuka ita ce babba, amma abin ya shafi gine-gine da injina kai tsaye. Ana ƙona rumbuna a lokacin hari. Ƙauyen da aka gudu aka bari ba ya buƙatar wuta ma: babu mai hawa soro da bazara, indararo ya toshe, damina biyu ko uku sun isa su zubar da rufi, sannan bango ya bi. Masu komawa gida sukan tarar an kwashe kwano da ƙofofi. Wanda ya dawo da hannu wofi kuma ba ya iya sayen azara, sai ya kafa bukka ko ya rufa leda.

A ɓangaren noma, satar shanu ta raba manoma da yawa da shanun huɗa, don haka buƙatar tarakta ta ƙaru a daidai lokacin da masu ita suke tsoron tura ta gonakin nesa, inda za a iya sace direba ko a ƙona injin. Harajin da 'yan bindiga suke ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma ko girbi yana cinye kuɗin da a da ake ajiyewa don gyara. Hanyoyin da ake bi a sayo kaya, ta Shinkafi zuwa Gusau ko ta Goronyo zuwa Sakkwato, sun zama masu haɗari.

Gini da kanikanci duka a hannu ake koyonsu. Yaron magini yana farawa da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali shekaru kafin a bar shi ya ɗaura baka, yaron gareji yana farawa da wankin ƙarafa da miƙa sifana. Idan iyali suka yi hijira, maigidan yakan kama wata sana'ar da za ta ba shi abincin yau, yaran kuma su koma acaba ko aikin bulon siminti a birni, inda ba a neman mai iya ginin rufewa.